Kunkurun Ƙarfen Cindo Maƙeri

A zamanin da ƙasa ba ta gama rufe ƙofofinta ba, an yi wani gari a gindin dutse mai suna Ramin Tama, garin maƙera ne gaba da baya. Wata rana da hantsi matan garin suna wanki a bakin tafki, sai ruwan ya tsage biyu, ƙasa ta buɗe baki ta haɗiye su da ƙoransu da sabulunsu, ta koma ta rufe. Ba abin da ya rage a wurin sai zannuwan da suka shanya a kan ciyawa.

Tun kafin azahar aka san masu aikin. Wata murya ta fito daga tsohon ramin da ake haƙar tama, ta ce Magajiyar Birnin Ƙarƙashi tana gaida mutanen gari, tana kuma shaida musu cewa haƙar da suke yi ta huda rufin fadarta, har ƙasa tana zuba mata a tuwo. Ta ɗauki matansu ne don su ɗanɗana yadda ake ji in an taɓa gidan mutum. Ba ta kulle ƙofa ba, duk mai son matarsa ya biyo ramin ya je ya ɗauko.

A cikin waɗanda ƙasa ta haɗiye akwai Yalwa, matar Cindo. Shi Cindo maƙeri ne mai yatsu shida a kowane hannu, ba shi da yawan magana, kuma ko masu jin haushinsa ba su taɓa kushe ƙirarsa ba. Ita kuwa Yalwa 'yar masunta ce daga bakin gulbi. Lokacin da ya auro ta danginsa sun yi ta taɓe baki, wai ya rasa 'yar maƙera duk garin sai mai ƙarnin kifi. Bai kula su ba. Ita kaɗai ce take sa shi dariya har a ga haƙoransa, kuma tun da ƙasa ta rufe da ita ya daina cin abinci.

Su maƙeran Ramin Tama akwai abin da suke taƙama da shi, wuta ba ta cin su. A jini yake, maza da mata. Ranar wasansu za ka ga dattijo yana lasar jan ƙarfe, yarinya tana ɗibar garwashi da tafin hannu tana kai wa uwarta murhu. Da wannan baiwa suke kallon sauran mutane sheƙeƙe, kamar su suka roƙa aka ba su.

Mazaje suka yi ɗamara, suka sa sulke, suka ɗauki garkuwa, suka shiga ramin. Mutum ɗaya ya dawo, yana jan ciki. Ya ce bayan ramin akwai wani fili mai rufin dutse, inda kibau suke zuba kamar ruwan sama, ba sa tsagaitawa. Kibiyar wurin kuma ba irin tamu ba ce, in ta bugi garkuwa sai ta lanƙwasa ta bi gefe tana neman kafa. Yana gama faɗin haka ya cika. Daga nan sauran mazajen suka fara gano cewa haƙuri ma jarunta ne, kowa ya koma zaurensa.

Cindo bai koma ba. Ya tsuguna a ƙofar maƙerarsa ya zana wani abu a ƙasa da tsinke, ɗaki ne na ƙarfe a kan ƙafafu, wanda zai ɗauki mutane ya ratsa filin da su, irin abin da mutanen yanzu za su kira motar sulke. Na farkon da ya ƙera bangonsa a miƙe yake. Ya kira maharba suka yi masa ruwan kibau, kibau suka lotsa shi, wasu suka huda. Ya ƙara wa bangon kauri, sai abin ya yi nauyin da ana tura shi waje ƙafafunsa suka nutse a rairayi. Mutanen gari suka sami abin kallo. Waɗanda suka kasa zuwa ko bakin ramin su ne kan gaba wajen dariya, suna tambaya ko rumbu yake ginawa.

Yana zaune a gindin giginya ransa a ɓace, sai ɗan giginya ya faɗo a kan wani kunkuru da ke wucewa, ya zame ta gefe, kunkuru ya ci gaba da tafiyarsa. Cindo ya miƙe ya koma maƙera. Ya farfasa aikin duka, ya kwantar da bangon ya yi masa doro, ya rage kauri, ya ƙara ƙafafu ya faɗaɗa su. Da maharba suka sake harbi, kibau suka riƙa zamewa suna faɗuwa ƙasa. Tun daga ranar aka sa wa abin suna Kunkuru.

Saura abin da zai ja shi. Shanu ba za su yi taku uku a filin ba, doki ma haka. Wata tsohuwa mai sayar masa da gawayi ta gaya masa labarin Rushi, aljanin wuta da ya taɓa juya wa Magajiya duwatsun niƙa, har ta kore shi saboda ya ƙona mata garin tuwo. Cindo ya rataya tukunyar ƙarfe ya kama hanya.

Ya shiga Dajin Gawayi, inda itatuwa suke tsaye baƙi ƙirin, tsuntsayen kansu toka ne, in sun tashi sai su watse. Ya iske kogin narkakken kuza, ya naɗe wandonsa ya ratsa da ƙafa. A ɗaya gaɓar wani ƙato mai ido ɗaya a ƙirji ya tare shi, ya nuna masa tsibin garwashi da ya fi soro tsawo, ya ce wanda yake nema yana ciki, ya tono shi da hannu ko ya juya. Cindo ya zura hannu har kafaɗa yana lalube, sai ya ji wani garwashi yana bugawa kamar zuciya. Ya jawo shi. Garwashin ya miƙe ya zama wani tsamurarren tsoho ja wur, hayaƙi yana fita daga gemunsa.

Tsohon ya ce, "Ya kai ɗan Adam, wane ne kai da ka tashe ni, kuma me ya raba ka da garinku?"

Cindo ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, sunana Cindo, maƙeri ɗan maƙeri. Magajiya ta riƙe matata, na ƙera abin da zai je ya ɗauko ta, na rasa mai tura shi. Ƙarfinka na zo roƙo."

Da jin sunan Magajiya sai idanun Rushi suka yi haske. Ya ce zai je, amma da sharaɗi. Ba ya cin komai sai gawayin itacen ƙirya. Kada ruwa ya taɓa shi. In kuma ya tashi da gudu, ba ya tsayawa sai inda aka ambata masa tun farko, ko da wanda ya ɗauko shi ne ya roƙe shi. Cindo ya amince da duka.

Rushi ya dube shi ya ƙara da cewa, "Ni wuta ne, ɗan Adam. Ka ji da kyau?"

Cindo ya yi murmushi ya ce, "Ni kuma maƙeri ne, ranka ya daɗe."

Tsohon ya dunƙule ya shige tukunya.

Cindo ya kafa tukunyar a ƙarƙashin daɓen Kunkuru, daidai tsakiya, inda kibiya ba za ta kai ba. Aka zuba gawayi, Rushi ya yi gurnani, ƙafafu suka juya, Kunkuru ya fita da kansa ya zaga gari, masu dariyar da suna bin bayansa suna cewa dama sun san yaron zai iya. Samarin maƙera suka cika shi aka kai shi bakin filin kibau don gwaji. Wata kibiya ta bi ƙofar iskar da Cindo ya bari a sama ta tsire cinyar ɗan baffansa. Cindo ya dawo ya toshe duk wata kafa, ya bar wa iska hanya ta ƙarƙashi kawai, ta wasu lanƙwasassun bututu da suka bi gefen tukunyar. Ya tsaga ɗan wurin leƙe a gaba don mai tuƙi, ya gitta bango tsakanin mazaunin mai tuƙi da ɗakin baya, don in kibiya ta shigo ta nan ta tsaya a kansa shi kaɗai. Sakatar ƙofa kuwa a waje ya sa ta, gudun kada tsoro ya sa wata ta buɗe a tsakiyar fili. Duk abin da ya yi, Yalwa ya sa a ransa ya yi shi.

Aka sake gwaji. Samarin maƙera suka wuni a ciki, Kunkuru yana shiga gefen filin yana fita, ko kibiya ɗaya ba ta sami hanya ba. Da aka buɗe suka fito suna miƙa, har da wanda barci ya kwashe. Suka ce ɗakin ya fi ɗakin uwarsu daɗi.

Ana gobe tafiya sai ga surukinsa, Baba Maihoma, ya taso tun daga bakin gulbi da sandarsa. Ya zaga Kunkuru daga nesa, ya gaida Sarkin Maƙera, wanda shi ne baffan Cindo, sannan ya roƙi alfarma ɗaya. Yana so ya shiga ya zauna na ɗan lokaci, a tashi abin da shi, ya ga inda 'yarsa za ta zauna, ko hankalinsa ya kwanta.

To, maƙeran Ramin Tama suna da al'ada tun kaka da kakanni, sabon ƙarfe bare ba ya taɓa shi sai ya ci aikinsa na farko. Sun yi imani in hannun wanda ba maƙeri ba ya riga aikin sauka a kai, ƙarfen zai yi laushi ya ci amanar mai shi. Ko lauje ne sai ɗan gida ya fara yanka ciyawa da shi kafin a miƙa wa manomi.

Sarkin Maƙera ya ce, "Maihoma, mu ba mu taɓa zuwa mun ce za mu jefa muku taru ba. Ka bar mana ƙarfe."

Tsohon ya juya ga surukinsa ya ce, "Ɗana, kai ma haka ka ce?"

Cindo ya sunkuyar da kai. Yana jin nauyin tsohon, amma tsoron kada ƙarfen ya yi laushi da Yalwa a ciki ya fi ƙarfin nauyin. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. In na dawo da ita, kai za ka fara shiga bayanta."

Baba Maihoma ya ce Allah ya kai shi lafiya, ya nemi inuwa ya zauna.

Da safe Cindo ya shiga shi kaɗai, ya ambata wa Rushi ƙofar Birnin Ƙarƙashi. Kunkuru ya gangara cikin ramin, ya faɗa filin. Kibau suka rufe shi da ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano, suna lanƙwasa suna lalube, suna zamewa. Ya wuce ta kan sulkunan mutanen garinsu, ya kau da kai. Bayan filin ya ratsa wata kasuwa da ake ciniki ba a ganin masu saye, sai kaya suna tafiya da kansu, sannan ya tsaya a ƙofar wata fada ta farin gishiri.

Magajiya ta fito da kanta, doguwa ce, gashinta yana jan ƙasa, kuyanginta suna riƙe da shi. Ta ce lale da baƙo, ta ce shi ne namiji na farko da ya iso, kuma ita ba ta saɓa alkawari. Ta sa aka fito da matan duka. Kafin su ƙaraso ta zaga Kunkuru a hankali, ta kai tafin hannunta kusa da cikinsa, ta janye.

Ta ce, "Ya kai maƙeri, ka gwada wannan abin kafin ka kawo shi?"

Ya ce, "Ranki ya daɗe, na gwada har na gaji."

"Da su wa?"

"Da zaɓaɓɓun samarin gidanmu."

Magajiya ta ce, "Madalla." Ta yi wani ɗan murmushi, ta ce a buɗe musu hanya.

Shi bai ma ga murmushin ba, don ya hango Yalwa. Ta rame, amma bakin nan nata yana nan. Ta dubi Kunkuru ta dube shi, ta ce ashe duk daɗewar nan tanda yake gina mata. Ya yi dariya har haƙoransa suka fito. Mata suka fara shiga, 'ya'yan maƙera da waɗanda aka auro daga wasu garuruwa, har da ƙanwarsa Tabawa. Rushi yana hutawa a lokacin, wutarsa ta lafa. Yalwa ta sa ƙafa a daɓen ta ɗan tsaya.

Ta ce, "Maigida, da ɗumi a ciki."

Ya ce, "Sanyin ƙarƙashin ƙasa ne ya shige ki. Shiga, yanzu za ki ga rana."

Ta shiga. Ya rufe ƙofa ya zura sakata da hannunsa, ya cika wa Rushi gawayi, ya ambata masa bakin ramin garinsu.

Sun yi nisa a cikin filin sai ya fara jin wani bugu daban da na kibau, daga bangon da ke bayansa. Ya ce a ransa tsoro ne, kuma wa zai ga laifinsu. Ya ɗaga murya ya ce su yi haƙuri an kusa, amma ko shi bai ji muryar kansa ba saboda ƙara. Bugun ya ƙaru. Tausayinsu ya kama shi, ya ga ba abin da zai yi musu da ya wuce ya gajarta musu wahalar, sai ya leƙa ta wurin zuba gawayi ya roƙi Rushi ya ƙara gudu. Rushi ya ƙara. Cindo yana zaune daram, ko gumi bai yi ba, yana ta lissafin abin da zai fara saya wa Yalwa ranar kasuwa.

Rana tana tsaka Kunkuru ya fito daga ramin. Gari ya ɗauki guɗa, makaɗa suka saki ganguna. Cindo ya diro ya zagaya ya zare sakata.

'Ya'yan maƙera ne suka fara fitowa, zannuwansu sun babbake, hannuwansu sun farfashe da dukan bango, muryoyinsu sun dishe. Jikinsu kuwa ko ƙuna babu. Bayansu ba wadda ta biyo. Duk matar da aka auro daga wani gari tana kwance a ciki. Tabawa ce ta rage zaune, ta ɗora Yalwa a kan cinyarta don ta raba ta da daɓen, amma iskar da suka shaƙa ita ma ta gefen tukunyar ta biyo.

Tabawa ta ɗago kai ta ce, "Yaya, mun buga. Ita ma ta buga. Da ta gaji sai ta ce mu bari, ba ka ji ne, da ka ji da ka tsaya."

Ganguna suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Baba Maihoma ya ratso taron ya kai hannu bakin ƙofa, ya janye da sauri, fatar yatsunsa ta tashi. Dole ya tsaya a waje yana jira har maƙera suka fito masa da 'yarsa. Ya cire rigarsa ya rufe ta. Bai zagi kowa ba, bai ko dubi Cindo ba, ya ce a taimaka masa da amalanke, a bakin gulbi zai binne ta.

Ba a share makoki ba Sarkin Maƙera ya fara faɗa a zaure cewa kowa ya ga ko kibiya ɗaya ba ta huda ba, ƙira dai ta yi, sauran kuma ƙaddara ce. Gyaran ma ba wani abu ba ne, a shafe daɓen da yumɓu mai kauri, a karkatar da bututun iska nesa da tukunya, aikin safiya ɗaya. Gaskiya ya faɗa, kuma wannan gaskiyar ce ta fi komai ci wa Cindo rai. Sarakunan maƙwabta suka fara aiko da manzanni suna son irinsa, dattawan gari suna karɓar su da fara'a.

Cindo bai ce a yi ba, bai ce a bari ba. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, yana so ya san abin da Yalwa ta ji. Wata rana da azahar ya tura Kunkuru bayan gari, ya cika tukunya da gawayin ƙirya har baki, ya shiga ɗakin baya ya ja ƙofa, ya zauna daidai inda aka ɗauke ta.

Ya ce, "Rushi, ba tafiya za mu yi ba. Ka ci wuta iyakar ƙarfinka."

Rushi ya ce, "Ya kai ɗan Adam, me kake nema?"

"Rabona nake nema daga abin da na ba ta."

Rushi ya hura. Daɓen ya yi ja, bango ya yi ja, rigar Cindo ta kama ta zube toka, hularsa ta bi ta. Ya kwanta ya manna kumatunsa da ƙarfen, ya buɗe baki ya shaƙi iskar har cikinsa, yana jira. Ya roƙi a ƙara, aka ƙara, har ƙusoshin rufi suka fara narkewa suna ɗiga a bayansa. Ciyawar da ke kewaye ta kama da wuta, mutanen gari suka tsaya daga nesa suna kare fuska.

Da la'asar gawayi ya ƙare. Muryar Rushi ta fito a gajiye ta ce, "Iyakata ke nan, maƙeri. Me ka ji?"

Cindo yana nan kwance. Hawayen da suka zubo masa tun kafin su kai haɓa suke bushewa.

Ya ce, "Ban ji komai ba."